Tanderun Hucewa: Tarihin Sanyaya Gilashi da Gano Tsufansa

A sana'ar gilashi, narkarwa da busawa su ne ke ɗaukar idon mai kallo, amma aikin da ke raba kaya mai ƙarko da asara shi ne sanyayawa. Kwalbar da aka busa aka ajiye a fili iska ta buge ta, ba ta daɗewa sai ta tsage, wani lokaci ma ba wanda ya taɓa ta. Shi ya sa tun zamanin da kowace ma'aikatar gilashi take da wuri na biyu ban da murhun narki, wato ɗaki ko rami mai ɗumi inda ake jera kayan da aka gama domin zafinsu ya sauka sannu a hankali, wani na awoyi, wani na kwanaki, wani ma na watanni. Wannan wuri shi ne tanderun hucewa. Masu sana'a sun yi shekaru dubbai suna aiki da shi kafin masana su fahimci abin da ke gudana a cikinsa, kuma daga tambayoyin da ya tayar ne aka gano cewa gilashi, ko bayan ya yi sanyi ƙalau, bai gama zama ba.

Dalilin yana cikin yadda gilashi ke daskarewa. Ruwa idan ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas yakan koma ƙanƙara a gaɓa guda, ƙwayoyinsa su jeru sahu-sahu cikin tsarin da ake kira kiristal. Gilashi ba shi da gaɓa irin wannan. Yashi da kanwa da farar ƙasa da aka narkar a zafin da ya kai digiri 1,500, idan suka fara hucewa danƙonsu ne ke ƙaruwa, kamar yadda zuma ke ƙin zuba daga kwalba da sanyin hunturu, sai dai a gilashi ƙaruwar ta wuce misali. Wajen digiri 1,000 yana da laushin da za a busa shi a lanƙwasa. Kafin ya sauko digiri 550 danƙon ya ninka wajen sau biliyan, ƙwayoyin zarra sun kasa sauya wuri da saurin da zafin ke sauka, sai su maƙale inda sanyi ya same su, a hargitse irin na abu mai ruwa-ruwa, ba su kai ga jeruwa ba.

Matsalar mai sana'a ita ce bayan kwalba yana riga cikinta hucewa. Fatar waje ta sandare, ciki yana nan da zafinsa. Da cikin ya zo tsukewa sai ya tarar fatar ta ƙi binsa. Wannan ja-in-ja yakan zauna a jikin gilashin ba a ganinsa, ƙarzuwa kaɗan ta isa ta ɓalle shi. Maganinsa shi ne a riƙe kayan a zafin da ƙwayoyin ke iya ɗan motsawa amma siffar ba ta lalacewa. A gilashin taga na yau, wajen digiri 550 ja-in-jan kan saki cikin kamar minti 15. A sauko da digiri 40 kacal, sai ya nemi awoyi. Ƙasa da haka kuwa jira ba ya amfani. Duk fasahar tanderun hucewa a kan ratsa wannan ɗan tsukin take. Kauri kuma yana da hukunci mai tsanani, domin abin da ya ninka wani kauri sau 2 yana bukatar lokaci wajen ninki 4. Ƙaramin abu kamar dutsen wuya ko ƙarau, irin waɗanda mutanen Masaga na Bida suka yi suna da su a kasuwannin Arewa, toka mai ɗumi ko gefen murhu ya ishe shi. Faifan da ya kai tan 20 kuwa sai an ba shi kusan shekara.

An fara yin gilashi a ƙasashen da yau ake kira Iraƙi da Sham da Masar: duwatsun ado tun wajen shekara ta 2500 kafin Miladiyya, ƙananan kwalaben turare da mai daga wajen 1500. Allunan yumɓu da aka tono a ɗakin karatun sarki Ashurbanipal a Nineba, na ƙarni na 7 kafin Miladiyya, suna ɗauke da umarnin haɗa gilashi, kuma abin da suke nanatawa shi ne kula da wuta: ta kasance mai kyau marar hayaƙi, a bar haɗin a tanderu, a bar shi ya huce kafin a niƙa a sake narkarwa. Busawa da bututu ta bayyana a yankin Sham da Falasɗinu a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, ta mai da gilashi kayan kowa a daular Rum. Kanwar da ake amfani da ita daga Wadi Natrun na Masar take fitowa, yashi mafi suna kuma daga bakin kogin Belus kusa da Akka.

Jinkiri ma yana da nasa haɗarin. Idan narkakken gilashi ya daɗe a zafi mai yawa, ƙwayoyinsa sukan sami sararin jeruwa, ya koma dutse mai duhu wanda haske ba ya ratsawa. A Bet She'arim da ke yankin Galili akwai wani katafaren falalen gilashi mai nauyin kusan tan 9, tsawonsa ya wuce mita 3, kwance cikin kogon da aka narkar da shi. Farar ƙasa ta yi yawa a haɗin, ya lalace yayin hucewa, masu shi suka bar shi nan suka tafi. Da aka ci karo da shi a 1956, an yi shekaru ba a gane gilashi ba ne. Mai sana'a ke nan tsakanin haɗari biyu: ya yi sauri a saman zafi kada kiristal ya kama, ya yi sannu a ƙasa kada kaya ya tsage.

Wani malamin coci a Jamus da ya yi rubutu da sunan Theophilus wajen 1120 ya bayyana ma'aikatar gilashi ta zamaninsa: tokar itace kashi 2, yashi kashi 1, da tanderu uku, ɗaya na narki, ɗaya na hucewa, ɗaya na shimfiɗa gilashin taga. Littafin Georgius Agricola na 1556 ya zana tanderun da aka fi sani a kudancin Turai, mai hawa uku: wuta a ƙasa, tukwanen narki a tsakiya, ɗakin hucewa a sama inda zafin da ya rage ke taruwa. Irinsa aka yi aiki da shi a tsibirin Murano, inda hukumar Venis ta mayar da masu gilashi a 1291 don tsoron gobara. Daga baya aka koma ga dogon rami mai zafi a baki guda da sanyi a ɗaya bakin, ana jan tiren ƙarfe cike da kaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan kaɗan-kaɗan. Babu ma'auni a hannun kowa. Launin wuta da gogewar ido su ne jagora, ilimin kuma daga uba zuwa ɗa yake tafiya, a rufe.

Abin da rashin hucewa ke haifarwa ya fito ƙarara a wani abin wasa da ya zaga fadojin Turai a ƙarni na 17. Idan aka ɗiga narkakken gilashi cikin bokitin ruwan sanyi, yakan daskare da dunƙulallen kai da siririyar wutsiya. Kan nan ana iya dukansa da guduma bai fashe ba. Amma da an karya ƙarshen wutsiyar da yatsa, sai ɗigon duka ya tarwatse da ƙara ya zama gari a tafin hannu. Yarima Rupert, ɗan gwaggon sarki Charles na 2, ya kawo irin wannan ɗigo Ingila a 1660, sarkin ya miƙa wa ƙungiyar masana ta Royal Society a 1661, kuma a 1665 Robert Hooke ya ba da bayanin da ya kusa da daidai: waje ya riga ya sandare, ciki ya tsuke yana jansa. Fatar a matse take, shi ya sa tsaga ba ta iya buɗewa a kanta. Cikin kuwa a miƙe yake, da tsaga ta isa gare shi ta wutsiya ba mai tsayar da ita. Hotunan kyamara mai sauri da aka ɗauka a 1994 sun nuna tsagar tana gudun sama da mita 1,400 a daƙiƙa.

Hanyar ganin ja-in-jan da ido ta zo ne a 1815 da 1816, lokacin da David Brewster na Sikotlan ya nuna cewa gilashi mai matsi a jikinsa, idan aka sa shi tsakanin matatun haske biyu, yakan nuna zane-zane masu launi. Har yau da wannan dabara ake duba kwalabe a masana'antu.

Tsufan gilashi kuwa masu ma'aunin zafi ne suka fara karo da shi. Ma'aunin ɗan tulun gilashi ne cike da zaiba, da siririn bututu a kansa. Akan tsoma shi cikin ƙanƙara mai narkewa a yi alamar sifili inda zaibar ta tsaya. A 1808 Angelo Bellani na Italiya ya lura cewa ma'aunin da ya kwana biyu, idan aka mayar da shi cikin ƙanƙara, zaibar takan tsaya sama da alamar. An yi ta zargin matsin iska da wasu abubuwa, alhali ɗan tulun ne ke tsukewa da kansa yana tura zaibar sama. James Joule na Manchester, wanda aikinsa kan alaƙar zafi da ƙarfi ya dogara ga auna ɗan ƙaramin bambanci, ya sa aka yi masa ma'aunai masu kyau a 1844, ya riƙa duba sifilin ɗaya daga cikinsu lokaci-lokaci har 1882. A shekarun farko alamar ta hau da ɗan sauri, daga baya hawan ya yi ta raguwa, amma cikin shekara 38 bai tsaya ba. Jimillar hawan ba ta kai digiri ɗaya ba. Ƙanƙantar adadin bai rage darajar wannan aiki ba. Kaɗan ne cikin gwaje-gwajen kimiyya suka nemi haƙuri irin wannan daga mutum guda, kuma masana na komawa ga alƙaluman Joule har a wannan ƙarni.

Akwai kuma wani hali da ya fi damun masu aunawa. Ma'aunin da aka tsoma a tafasasshen ruwa aka mayar cikin ƙanƙara nan take, sifilinsa kan faɗi ƙasa kaɗan, sai bayan kwanaki ko watanni ya dawo. Ke nan abin da ma'auni zai nuna yau ya danganta da zafin da ya sha jiya. A 1883 Rudolf Weber a Berlin ya gano cewa wannan aibi ya fi tsanani a gilashin da aka haɗa wa sodiyam da fotasiyam tare. Shekara ɗaya bayan haka Otto Schott, ɗan gidan masu gilashi da ya karanci ilimin sinadarai, ya kafa ma'aikata a garin Jena tare da Ernst Abbe da Carl Zeiss. Schott ya riƙa narka ƙananan tukwane ɗaya bayan ɗaya, yana sauya haɗi yana rubuta sakamako, abin da masu sana'a ba su saba yi ba. Daga nan aka sami gilashin ma'aunin zafi mai lamba 16-III, wanda sifilinsa ba ya yawo sosai, sannan a farkon shekarun 1890 aka sami mai sinadarin boron, lamba 59-III, wanda ya fi shi. Masu ƙera ma'aunai kuma suka koyi tsufar da gilashi da gangan: su gasa bututun na kwanaki, su ajiye shi na watanni, sannan su zana masa lambobi.

A gefe guda wasu masanan Jamus sun ga irin wannan jan ƙafa a wasu wurare. Wilhelm Weber a Göttingen ya rataya nauyi a zaren siliki a 1835, ya ga zaren ya miƙe nan take, sannan ya ci gaba da miƙewa kaɗan-kaɗan na dogon lokaci. A 1854 Rudolf Kohlrausch ya auna yadda lantarki ke zurarewa daga tulun Leyden, wata kwalbar gilashi da ake tara lantarki a cikinta. Abin da aka saba gani shi ne abu ya ragu da rabi a wani lokaci, ya sake raguwa da rabi a daidai wannan lokacin. Na kwalbar bai bi haka ba: farkonsa da sauri, ƙarshensa da doguwar jela. Kohlrausch ya rubuta lissafin da ya dace da shi, aka manta da lissafin, sai a 1970 Graham Williams da David Watts suka sake fito da shi a binciken roba. Fassarar da aka fi yarda da ita ita ce a cikin abu marar tsari kowane lungu da nasa lokacin saki, wani daƙiƙa, wani shekara, abin da ake aunawa kuma jimillarsu ce.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tilasta a mai da sanyayawa lissafi. Kafin 1914 gilashin na'urorin hangen nesa da na saitin bindiga mafi yawa daga Jena yake fitowa. Da hanya ta toshe, kuma Amurka ta shiga yaƙin a 1917, sai aka tura masanan ɗakin binciken duwatsu na cibiyar Carnegie da ke Washington zuwa masana'antu irin su Bausch & Lomb a Rochester. Mutane ne da suka saba narka dutse suna auna zafinsa. Biyu daga cikinsu, Leason Adams da Erskine Williamson, suka buga sakamakonsu a 1920: yadda ja-in-ja ke raguwa a kowane zafi, da jadawalin da ya dace da kowane kauri. A riƙe kaya a zafi guda har ya saki, a fara sauka sannu, sannan a ƙara sauri idan an wuce tsukin haɗari. Abin da tsofaffin Murano ke yi da ido ya zama abin da za a rubuta a takarda a ba wani.

Gwajin da ya fi kowane girma ya zo da madubin na'urar hangen taurari ta dutsen Palomar a Kalifoniya, mai faɗin inci 200, wato sama da mita 5. George Ellery Hale ya samo dala miliyan 6 daga asusun Rockefeller a 1928. Yunƙurin farko na yin madubin da zallan narkakken ma'adinin yashi ya ci kuɗi bai yi nasara ba, sai aka koma ga kamfanin Corning a jihar New York da gilashinsa na Pyrex, wanda ba ya buɗewa ko tsukewa sosai da sauyin zafi. George McCauley ne ya jagoranci aikin. Ranar 25 ga Maris 1934 aka yi zubin farko a gaban 'yan kallo, ana ɗebo narkakken gilashi da manyan ludaya masu rataye a dogo. Ana cikin zuba sai wasu tubalan da aka kafa a gindin mazubin, waɗanda za su bar ramuka a bayan madubin don rage nauyi, suka ɓalle suka taso sama. Wannan faifan bai yi amfani ba, yana nan a gidan tarihin gilashi na Corning. Ranar 2 ga Disamba aka sake zubawa, aka rufe faifan mai nauyin tan 20 cikin tanderun lantarki, aka riƙe shi a zafi guda na makonni, sannan aka shiga rage zafin da ƙasa da digiri ɗaya a kowace rana. Sanyayawar ta ɗauki kimanin wata 10. A watan Yuli na 1935 kogin Chemung ya yi ambaliya, ruwa ya shiga ma'aikatar, dole aka kashe wutar tanderun na kusan kwana 3 ana kwashe na'urori zuwa sama. Ba wanda ya san halin da faifan ke ciki sai da aka buɗe, aka tarar da shi lafiya. A 1936 jirgin ƙasa ya ɗauke shi zuwa Pasadena, yana tafiya da rana kawai, ba ya wuce kilomita 40 a awa. An ƙaddamar da na'urar a 1948.

A tsakanin waɗannan shekaru aka fara gina bayanin abin da ke faruwa a ciki. Hans Vogel a 1921, Gordon Fulcher na Corning a 1925, da Gustav Tammann na Göttingen a 1926, kowanne ya iso ga lissafi guda da ke nuna danƙo yana hauhawa fiye da kima yayin da zafi ke sauka, kamar zai tafi ba iyaka a wani zafi na ƙasa. A 1946 Arthur Tool na hukumar ma'aunai ta Amurka ya kawo tunanin da ya fi amfanar masana'antu. A ganinsa kowane gilashi yana da zafi biyu: wanda ma'auni ke nunawa, da wanda tsarin cikinsa ya maƙale a kai. Gilashin da aka sanyaya da gaggawa ya maƙale tun yana sama, ƙwayoyinsa a sake, jikinsa ya ɗan fi girma. Wanda aka bi a hankali ya sauko ƙasa kafin ya maƙale, ya fi cushewa. Shi ya sa gilasan tabarau biyu daga tukunya ɗaya suke iya karya haske daban idan hucewarsu ta bambanta. Tsufa kuma, a wannan fahimta, shi ne zamewar wannan ɓoyayyen zafi zuwa ƙasa, yana neman cim ma na zahiri, yana ƙara nauyin ƙafa da kowane taki.

Roba ta sauƙaƙa binciken, domin yawancinta gilashi ce a ma'anar kimiyya, kuma tsukin maƙalewarta yana kusa da zafin ɗaki. André Kovacs a Strasbourg, a farkon shekarun 1960, ya sanyaya wata roba, ya jira ta ɗan tsuke, sannan ya ɗumama ta zuwa zafin da girmanta ya yi daidai da wanda ya kamata ta zauna a kai. Maimakon ta tsaya nan, sai ta kumbura kaɗan, sannan ta dawo. Lungunan da suka yi saurin tsukewa sun wuce gona da iri, masu nawa ba su iso ba, jimillar ce kawai ta yi kama da daidai. A 1978 L. C. E. Struik na Delft a ƙasar Holan ya buga binciken abubuwa kusan 40, har da roba iri-iri da kwalta da daskararren sukari, ya sami ƙa'ida guda a cikinsu: gwargwadon daɗewar abu tun da ya daskare, gwargwadon nawarsa wajen amsa nauyin da aka ɗora masa. Wanda ya ninka wani shekaru sau 10 yakan ninka shi nawa wajen sau 10. Idan kuma aka mayar da shi sama da tsukin maƙalewa aka sake sanyayawa, tsufan ya goge, ƙirga ta koma farko. Wannan daban yake da lalacewar da rana ke yi wa roba, wadda ba ta gyaruwa. Shi ne dalilin da ya sa injiniya ba zai auna sabon bututun roba na awa guda ya ce ya san halinsa na shekara 30 ba.

Tambayar da ta rage ita ce ko daskarewar gilashi rikiɗa ce ta gaskiya irin ta ruwa zuwa ƙanƙara. Gaɓar ƙanƙara ba ta motsi. Ta gilashi kuwa tana bin saurin sanyayawa: a rage saurin sau 10, sai ta sauka da 'yan digirori. Walter Kauzmann na Princeton ya nuna a 1948 cewa da za a iya ci gaba da sanyayawa ba tare da maƙalewa ba, hargitsin narkakken abu zai yi ta raguwa har ya yi daidai da na kiristal a wani zafi. Wasu masana na ganin a nan wata rikiɗa ta gaskiya take ɓoye, wadda ba a isa gare ta saboda jiran da take nema ya wuce rayuwar kowa. Wasu na ganin babu komai can sai ƙarin nawa. An dai san cewa kusa da rikiɗa ta gaskiya abubuwa kan yi jinkirin natsuwa. Iskar kabon, wadda Thomas Andrews na Belfast ya nuna a 1869 cewa a digiri 31 bambancin ruwanta da tururinta ke ɓacewa, takan yi hazo a daidai wannan gaɓa ta daɗe ba ta kwanta ba. Misali mafi kusa da gilashi ya fito daga maganaɗisu. A jan ƙarfe da aka barbaɗa wa manganis kaɗan, ko zinariya mai ɗan baƙin ƙarfe, ƙananan maganaɗisun da ke ciki sukan maƙale a hargitse idan sanyi ya yi tsanani. An ga alamar gaɓar a 1972, kuma a 1983 masana a Uppsala ta Suwidin suka nuna cewa su ma suna tsufa irin na robar Struik. Bayanin lissafin da Giorgio Parisi na Italiya ya bayar kan irin waɗannan abubuwa wajen 1980 yana cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2021.

Tsufa ba kwarara ba ce, kuma rikita su biyun ya haifar da wani labari da ya shiga har littattafan makaranta, wai tagogin tsofaffin coci-coci na Turai sun fi kauri a ƙasa domin gilashin ya zubo cikin ƙarnoni. Bambancin kaurin daga ƙira yake. Akan buɗe bakin kwalbar da aka busa a juya ta da sauri har ta baje ta zama faifai, mai kauri wajen tsakiya da sirantaka a gefe, a yanka tagogi daga ciki. Ana ma samun waɗanda aka kafa da kaurin a sama. Edgar Zanotto na Barazil ya yi lissafin a 1998 ya nuna lokacin da kwararar ke bukata ya zarce shekarun duniya nesa ba kusa ba. Wani bincike na 2017 kan haɗin gilashi irin na cocin Westminster a Landan ya sami kwararar da ba ta wuce nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, a shekara biliyan. Abin da ke kwarara da gaske shi ne irin kwaltar da Thomas Parnell ya zuba a mazurari a jami'ar Queensland ta Ostireliya a 1927, wadda ɗigonta na farko ya faɗo a 1938, na 9 kuma a 2014. Tsukewar da Joule ya gani ƙaramin gyaran zama ne na ƙwayoyi a inda suke. Masanan Corning sun auna irinsa kai tsaye a 2013 a falalen gilashin fuskar waya: kashi 10 cikin miliyan na tsawonsa a shekara ɗaya da rabi.

Masana'antar zamani ta mai da ja-in-jan nan abin amfani. François de la Bastie na Faransa ya yi rajistar dabarar tsoma gilashi mai zafi cikin mai a 1874. Yau da iska mai ƙarfi ake busa fuskokinsa biyu. Sakamakon ɗigon Rupert ne a shimfiɗe: fata a matse, ciki a miƙe, ƙarfi ninki 4 ko 5 na gilashin da aka bari ya huce, kuma idan ya fashe sai ya zube tsakuwa-tsakuwa, kamar yadda ake gani a gilashin gefen mota. Yana da wani ciwo da ya daɗe yana ɗaure wa magina kai. Wani lokaci 'yar ƙwayar nikel da farar wuta, wadda ba ta kai rabin milimita ba, takan faɗa cikin narki. Wannan ƙwayar tana da siffa ta zafi da siffa ta sanyi, gaɓarsu wajen digiri 380. Sanyayawar gaggawa takan kama ta a siffar zafi, sai ta yi ta rikiɗa a hankali cikin watanni ko shekaru, tana kumbura da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, har ranar da za ta tsaga cikin gilashin ya tarwatse ba wanda ya taɓa shi. E. R. Ballantyne ne ya gano dalilin a 1961, bayan tagogin wani dogon bene a Melbourne sun yi ta fashewa. Maganin da aka samo shi ne a gasa gilasan na 'yan awoyi a zafin da bai kai digiri 300 ba, domin mai aibi ya fashe tun a ma'aikata.

Gilashin taga na yau kusan duka da dabarar da Alastair Pilkington ya fito da ita a Ingila a 1959 ake yin sa. Narkakken gilashi yana malala a kan tafkin narkakken kuza, ya shiga da zafin digiri 1,100 ya fita da 600, daga nan ya wuce cikin tanderun hucewa mai tsawon sama da mita 100 a kan na'urorin gungurawa, kwamfuta tana kula da zafin kowane sashe. A masana'antun fuskar talabijin da waya, tsufan ne kansa abin lissafi. Ana ɗora miliyoyin ƙananan makunnan lantarki a kan siririn gilashi, hawa bisa hawa, a zafin digiri ɗaruruwa, kuma kowane ɗumamawa yana ba gilashin damar tsukewa kaɗan. Tsukewar kashi 'yan goma cikin miliyan ta isa ta sa hawa na biyu ya kauce wa na farko. Saboda haka masu yin irin wannan gilashi sukan zaɓi haɗin da babu sodiyam a cikinsa, wanda tsukin maƙalewarsa ya haura digiri 650, wasu kuma su sake gasa falalen su sanyaya shi a hankali kafin ya bar ma'aikata.